Ranar da Za a Buɗe Cikin Shitu

Shitu masuncin dam ɗin Tiga ya ƙare rayuwarsa cikin ruwa, amma mu maƙwabtansa mun san wanka sai Juma'a. Da ajali ya zo, a kwale-kwalensa aka tsince shi. Ana ɗinkin likkafani ɗan sanda ya iso, wai mutuwar da ba wanda ya gani, sai likita ya buɗe gawa an gano musabbabinta. Ga kabari har an haƙa.

Matarsa Hasiya ta leƙo zaure. "Yallaɓai, tsohon da ya girmi dam ɗin? Me za ku tarar a cikinsa, ɗumamen safe? Ni na ɗumama, tambaye ni."

Ɗan sandan ya sosa ƙeya, ya nemi buta, ya shiga sahun sallar jana'iza.