Ƙwan Yaya da Doguwar Kalma

Dogo ya tashi a hannun yayarsa, a ɗakin da bokiti ɗaya ne, fitila ɗaya, kuma ba a jin kalmar "nawa" ko "naka". Na koyar da shi yana ƙarami, ban kuwa taɓa ganin fensirinsa ya kwana a jakarsa ba, saboda yawan ba da aro.

Da ya girma ya zama mai rubuta manhajar kwamfuta. Shi da abokin aikinsa, wanda ake kira Gilashi, suka ƙirƙiro ɗan ƙaramin harshe na ba injuna umarni da Hausa. A irin wannan harshe akan ajiye lamba cikin akwati mai suna, kuma tilas a yanke wanda ke da ikon taɓa ta. Gilashi ya ce kowane akwati ya zauna a kulle, sai wanda aka buɗe da kalma ta musamman.

"Kai dai marowaci ne," in ji Dogo. "Har lamba sai ka sa mata kwaɗo? Komai na kowa ne. Mai son ɓoyo ya rubuta 'nawa'."

"To, sarkin kyauta," in ji Gilashi. "Wanda bai ji bari ba zai ji hoho."

A ƙarshe dai ra'ayin Dogo aka bi. Aikinsu na farko injin ƙyanƙyasa ne, kyauta ga Yaya. Cuta ta kashe mata kajin da ta daɗe tana kiwo, sai ƙwansu kawai ya rage, ta kuwa zuba shi duka a ciki.

Dogo ya rubuta ɓangaren zafi, ya kira akwatinsa "iyaka". Gilashi ya rubuta na laima, wato danshin iska, shi ma ya kira nasa "iyaka". Da yake komai na kowa ne, akwatin ɗaya ya zama, lambar laima mai yawa ta hau kan ta zafi. Injin ya yi ta hura wuta.

Da safe Yaya ta fasa ƙwai ɗaya a gabansa. Ya dahu.

"Auta," ta ce, "kaji na ce ka ba ni, ba karin kumallo ba. Ɗauko gishiri mana."

Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya da tsawonsa a bakin akurkin da babu komai ciki, ya kasa ɗaga ido.

Ranar ya kulle akwatunan harshen duka. Ga wanda za a buɗe wa jama'a kuwa, Gilashi ya kawo kalmar "duka", gajeriya mai sauƙi. Dogo ya ƙi, ya zaɓi "kowa_na_iya_canzawa".

"Wannan ai kafin mutum ya gama bugawa yatsunsa sun gaji!" in ji Gilashi.

"Su gaji," in ji Dogo. "Kafin ya kai ƙarshe ya tuna ƙwan wa ke ciki."

Har yau yana ba da aron komai nasa. Amma in an kawo dafaffen ƙwai a gidan Yaya, sai ya ce ya ƙoshi.