Bakina Ne Ya Mayar Da Su Bakin Gulbi

Edita, ina yi maka sallama, ina kuma roƙon ka sakaya sunana da na ƙauyenmu. Lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai ɗiya huɗu, ina sana'ar fura a wani ƙauye na bakin gulbi tsakanin Bukkuyum da Gummi. An san ni da kaifin baki, har ina bugun ƙirji cewa ba a yi mini rufa-rufa, kafin mutum ya buɗe baki na san inda ya dosa. Wata Bafullatana ce ke kawo mini nono. Rugarsu na cikin fadama ƙasa da gidanmu, daga bayan danga ana hango ta. Shekara tara muna tare. Ranar sunan autana ita ta riga kowa zuwa, da man shanu cikin ɗan ƙoƙo. Ina tsokanarta cewa rabin nononta ruwan gulbi ne, ita kuma ta ce Kaɗo ba ya ƙoshi ba ya godiya, mu yi ta dariya.

Amma shekarun nan sun ɓata zukatanmu. 'Yan bindiga sun taɓa tare ƙanena a hanyar kasuwa, ya yi wata biyu a daji, ya dawo ko ido ba ya iya haɗawa da mutane. Tun daga nan na koma kallon kowa da wutsiyar ido. A wajenmu kuma akwai maganar da yaro da babba suka riƙe, wai in ka ga ruga ta tashi bagatatan, to an sanar da su ne hari na tafe. Mu na bakin gulbi muna ganin mun fi kowa tsira, don ruwa ya tsare mana baya. Tudu kuwa yana gefen daji, ta inda mutanen can ke ɓullowa.

Cikin watan Agusta rediyo ya yi ta nanata cewa masana yanayi sun hango ruwa mai ƙarfi da tsawa, gulabe za su cika, na bakin ruwa su koma tudu. Mu dai dariya muke yi, don mun kwana shida ba ko yayyafi, har gero ya fara naɗe ganye. Ana cikin haka wata safiya ƙawar tawa ta shigo, ta sauke ƙwarya, ta ƙi zama. Ta ce dangin maigidanta da ke kiwo gabas da Anka sun kira shi, sun ce kwana uku ke nan sama ba ta ɗauke ba, duk ƙoramu sun tumbatsa. Ta ce shi ma ya je gulbi ya ga ruwa ya yi ja, yana tafe da kumfa da ƙirare, shanu kuma sun ƙi kwanciya a fadama. Yau za su tashi su koma tudu. Ta kama hannuna ta roƙe ni don Allah in kwashe yara da hatsi mu bi su, kada mu zauna gida cikin kwana biyun nan. Na ce mata to, na gode.

Tana fita na ɗaga kai na dubi sama, tas take, ko gajimare babu. Nan Shaiɗan ya samu wurin zama. Na ce a raina wane irin ruwa ne wannan da zai zo rana na ƙwalla? Su wa suka kira mijinta daga daji? Kuma duk faɗin duniya a rasa inda za a kai mu sai tudu, bakin hanyar ɓarayi? Kafin in gama kirɓa fura na riga na yanke mata hukunci. Na yafa mayafi na nufi gidan yayan maigidana, wanda shi ne shugaban samarin da ke tsaron gari. Ga laifina, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: na ce masa an kira mijinta daga daji, suna tashi, ta kuma gargaɗe ni kada mu zauna gida kwana biyu. Maganar ruwa na cire ta ɗungurum. Na san in na ambace ta Yaya zai tsaya tunani, ni kuwa so nake a ce ni na fara ganowa.

Kafin azahar samari sun tare ƙawata da mutanen rugarsu a rabin hanyar tudu, kaya bisa jakuna, yara bisa kaya. Suka karɓe wayar maigidanta, suka ce su juya su koma fadama inda ido zai riƙa ganinsu, wanda ya sake motsawa za a ɗauke shi mai kai wa ɓarayi rahoto. An ce mutumin ya yi ta rantsuwa yana maganar gulbi, Yaya ya nuna masa sama ya tambaye shi ko ruwan nasa ta ƙarƙashin ƙasa zai biyo. Ya kuma maimaita masa gargaɗin da matarsa ta yi, kalma da kalma. Ina tsaye bayan danga na ga sun dawo suna sake kafa bukkoki. Wallahi daɗi na ji, ina ganin na ceci gari.

Washegari bayan azahar, rana na dukan tsakar ka, muka ji rugugi kamar babbar mota na tafe. Kafin mu gane, ruwa ya haye gaɓa ya shigo lungu. Muka kwashi yara muka yi tudu, tudun nan da na ce tarko ne. Ɗakunanmu biyu sun faɗi, rumbu ya tafi, amma cikin gari ba a rasa rai ba. Fadama ce ta fara nutsewa. Manyan shanu sun yi iyo sun fita, maigidan ƙawata ya fid da mata da yara, sai ya tuna maruƙa na ɗaure a dangwali, igiyar da ake jera su a kai. Ya koma yana kwance su ɗaya bayan ɗaya ruwa na kai masa ƙirji. Ya kwance da yawa, sannan ruwa ya ɗauke shi. Sai rana ta uku aka tsinci gawarsa can wajen Gummi. Harin da na hango kuwa har yau bai zo ba.

Na bi mata muka je ta'aziyya, ina ɓuya a bayansu, ina fatan ba ta san komi ba. Ta amsa gaisuwar kowa. Da ta zo kaina sai ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, na ce duk sun tsira, ta ce alhamdu lillahi. Daga nan ta sassauta murya ta ce maganar barin gida kwana biyu, duk garin ni kaɗai ta faɗa wa. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba, ta juya ga ta kusa da ni. Bayan sadakar arba'in danginta suka zo suka tafi da ita, wasu sun ce wajen Gwashi, wasu sun ce sun wuce nan. Na yi cigiya kasuwa-kasuwa ban same ta ba.

Tun ina yarinya Inna ke ce mini zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to ni nawa ma ƙarya ya zama. Na san tsoro ya yi mana yawa a ƙasar nan, kuma ba a banza muke jin sa ba, amma tsoro bai sa ni rage magana ba, son a yaba mini ne. Jama'a, in an ce gulbi na tasowa ku tashi, ko da samanku tas yake, don ruwan da zai ci ka ba lallai a kanka ya zuba ba. In kuma za ku kai maganar wani gaba, ku kai ta cikakkiya yadda ya faɗe ta. Ni rabi na kai, yara biyar suka zama marayu, kuma uwarsu ceton nawa ta zo yi.