Ranar da Na Wanke Daɓen Gora

A unguwarmu a Kano an san ni da tsafta, ni ma kuma na yarda da kaina fiye da kima. Duk Asabar nakan kwarara wa simintin ɗakina ruwan sabulu, in bi shi da tsintsiya har sai ya yi ƙyalli. Da wannan ji da kai na sauka Guangzhou sarin jakunkuna, shekarar da ake shirin wasannin Olamfik.

Lokacin an matsa wa baƙi lamba. Masu gidajen haya a unguwar Xiaobei da sun ga baƙar fata sai su ce "meyo", babu ke nan. Wata ƙawata 'yar zangon Kumasi da ta iya yarensu ita ta samo mini ɗaki wurin wata tsohuwa. Maƙwabciyar tsohuwar ta yi ta zuga ta kada ta ba ni, wai mu ɓarnar gida muka iya. Tsohuwar ta yi kunnen uwar shegu da ita, har ta yi alkawarin raka ni ofishin 'yan sanda ranar Litinin a yi mini rajistar zama. In ta fasa, sai dai in tattara in koma gida, alhali kayana ba su fito daga Shiling, inda ake ɗinka jakunkunan, ba.

Ranar da ta ba ni makulli, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa tana shafa daɓen ɗakin. Sumul yake, mai ruwan zuma. Ƙawata ta fassara mini cewa na gora ne, marigayi mijinta ne ya shimfiɗa shi da hannunsa. Wai ya ƙi katako saboda itace in an sare shi an gama da shi, gora kuwa cikin 'yan shekaru ta sake tsirowa daga saiwarta. Da kyar na danne dariya. Gorar da muke kaɗo mangwaro da ita ce ake lallaɓawa haka? Tsohuwar ta ɗauko wani tsumma ta shiga dogon bayani, ni kuwa na ce wa ƙawata ta huta, ba a koya mini shara.

Da Asabar ta zo na ɗaura ɗamara. So nake maƙwabciyar nan ta leƙo ta ga tsaftar matan Kano. Na kwarara ruwa bokiti-bokiti, na dirje kowane lungu, na bar sauran ya sha iska kamar yadda nake yi a gida. Na kulle tagogi na tafi kasuwar Shisanhang ina jin daɗin kaina.

Ranar Lahadi na ji ƙasa tana ƙara in na taka. Kafin safiyar Litinin allunan daɓen sun kumbura, bakunansu sun tashi kamar kunyoyin gyaɗa, tsakaninsu ya yi baƙi. Na hau kai da duk nauyina ina dannawa, a banza.

Tsohuwar ta iso tare da ƙawata, ta sha kwalliyar zuwa ofis. Ta tuɓe takalmi ta shigo, sai ta tsaya cak. Ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a kan allon da ya fi tashi, ta daɗe a haka. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan ajiye idona. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri," da Hausa, don ban san yadda ake faɗa da yarensu ba.

Sai ga takun maƙwabciyar tana tahowa, wuya a miƙe. Tsohuwar ta tashi da sauri, ta tare bakin ƙofa da jikinta, ta faɗa mata wasu 'yan kalmomi, ta rufe ƙofar. Sannan ta saɓa jakarta ta yi mini alama mu tafi.

A ofis ta sa hannu ba ta ko kalle ni ba. Muna fitowa na ja ƙawata gefe na tambaye ta abin da tsohuwar ta ce wa maƙwabciyar.

"Hajiya, kin tabbata kina son ji?"

"Faɗa mini."

"Cewa ta yi bututun ruwanta ne ya fashe, laifinta ne da ba ta gyara ba. Ta ce ke baƙuwa ce mai tsafta."