Sunan da Na Kasa Faɗa a Gaban Bature

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara ambaliya a Nijeriya, ni yarinya ce 'yar Zariya, matar ɗalibi, goye da ɗan fari, muna zaune a wani matsattsen flat a Tottenham. Gwamnatin jiharmu ce ta turo maigidana Landan karatun injiniya, ni kuwa na biyo shi a matsayin matarsa, kuma abin da hatimin fasfo ɗina yake nufi ke nan: in ya zauna in zauna, in ya tashi in tashi. Da zaman ɗaki ya ishe ni sai na nemi gurbi a wani asibiti na fara koyon aikin ungozoma. Ban taɓa son wani abu a rayuwata kamar aikin nan ba. Hannuna ya faɗa, har malamarmu, wata tsohuwar Baturiya mai faɗan tsiya, takan kira ni in nuna wa sabbin ɗalibai yadda ake tarbar jariri.

Saura 'yan watanni in yi jarrabawar ƙarshe maigida ya gama nasa karatun. A lokacin gida na kiran duk mai digiri, aiki da mota na jiransa a Kaduna. Hanyoyin da ke gabana ba su da yawa. Ko in bi shi in yar da karatun, ko ya nemi wurin horon aiki a ƙara masa izini ni ma in ci albarkacinsa, ko kuma a sauya min nawa izinin ya zama na ɗaliba mai zaman kanta, shi ya riƙa aiko min da abin hidima. Ta biyun ko sauraronta bai yi ba. Ta ukun ya yarda da ƙyar, bayan na yi kuka na yi magiya, har na kai ƙara wurin wani dattijo ɗan garinmu da ke aikin rediyo. Dattijon ya ja min kunne cewa in na je gaban jami'in shige da fice in nuna tarbiyyar gida, kada in cika surutu.

Ranar da aka kira mu ofishin shige da fice, jami'in ya lura sunan mahaifina ne a fasfo ɗina, ba na miji ba. Ya nemi takardar aure ta kotu, muka ce a zaure aka ɗaura, da goro da shaidu. Nan take ya sha mur. Ya ce maigida ya yi shiru, da ni yake magana, sannan ya ce in faɗa masa cikakken sunan mijin da zai ɗauki nauyina. Duk 'yar Hausa ta zamaninmu ta san abin da ya same ni. Tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kama sunansa ba, Malam nake ce masa, balle ma sunan mahaifina ne da shi. Ga shi kuma zaune kusa da ni. Na sunkuyar da kai na nuna shi da hannu. Jami'in ya sake tambaya, na ce Malam. Ya duba takardu bai ga wani Malam ba. Ya tambayi sunan yaron da ke cinyata, shi kuma ɗan fari ne, mai sunan surukina. Na yi murmushin kunya na kau da kai. Na saci kallon maigida ina jiran ko ƙifta ido ne ya yi min. Wallahi da ya gyaɗa kai kawai da na faɗa. Sai na ga yana murmushi, wuyansa ya yi kauri.

A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, a hanyarmu ta komawa gida, mijin nan nawa ya ce min yau ya tabbatar ya auri 'yar mutunci. Ko a jikinsa. Ba da jimawa ba aka sanar da mu an ƙi, wai ba su gamsu da auren ba balle mai ɗaukar nauyin. Muna da damar ɗaukaka ƙara, malamata ta ce za ta je ta tsaya min da kanta, amma sai ya ce ai ya riga ya yi booking ɗin jirgi, shari'a da Bature ɓata lokaci ne. Na bar Landan ba takardar shaida. Haihuwata ta uku a Kaduna, wadda ta karɓe ni ɗaya ce daga cikin ɗaliban da na koya wa riƙe jariri a Landan. Ta gane ni, ta rasa inda za ta sa idonta.

Abin da ya fi ƙona min rai ba Baturen ba ne, shi bai san mu ba. Mijina ya san mu, ya san abin da ya ɗaure min baki, ya ga burina yana zubewa ya zauna yana jin daɗi. Shekara da shekaru yana ba baƙi labarin nan a falo, wai matarsa ko a gaban Bature ba ta kama sunansa ba, su yi ta sa min albarka, ni kuwa ina kicin ina haɗiyar baƙin ciki. Ran nan, bayan mun aurar da 'yarmu, ya soma labarin a gaban sabbin surukai. Na ajiye tire, na kira shi da cikakken sunansa, na ce ya bari haka. Abin takaici, sunan bai fi numfashi ɗaya ba, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba.

Ban ce kunya banza ce ba, da ita na tarbiyyantar da 'ya'yana. Amma ku 'yan mata masu bin mazajenku karatu waje, kada ku bari zamanku ya rataya a wuyan hatimin wani. Ku nemi izininku tun da wuri, ku tanadi takardar aure, ku san cewa ladabin da ake yabo a tsakar gida ƙarya ake ɗaukarsa a ofishin da ba a san ku ba. Ku kuma maza, in ka ga kunya na shirin cutar matarka, ka buɗe baki ka sauke mata ita. Ni an yabe ni a ranar, kuma yabon nan ne kaɗai takardar shaidar da na dawo da ita daga Landan.