Reshen da Wanzamin Lemo Ya Bari

Shekara talatin ya yi yana aski a wani ɗan shago mai kujera ɗaya da tsagaggen madubi, kafin idonsa ya fara yi masa gardama. Ranar da ya kusa gutsure kunnen wani direba ya rufe shagon, ya koma gyaran bishiyoyin lemo a gidajen mutane. Shi ya sa ake ce masa Wanzamin Lemo. Yakan ce sababbin kwastomominsa sun fi hankali, ba sa motsi, ba sa neman madubi.

Ba ya gaggawa. Sai ya zagaya bishiya sau uku, ya goge almakashi, ya cire busassun rassa, ya buɗe tsakiya don iska da rana su shiga. Masu gida su yi ta ƙosawa, shi ko a jikinsa.

Bishiya ɗaya ce aka hana shi taɓawa, ta gidan yayarsa. Marigayi mijinta ne ya dasa ta, kuma tun rasuwarsa ba ta yarda a tsinki ko ganye ba. Bishiyar ta yi tsawo, ta yi ƙaya, 'ya'yanta kuwa tsami har ɓarayin lemo na unguwa sun sallama mata. Ɗanta ya gaji, ya ce ranar Asabar za a sare ta a yi wa mota rumfa.

Yayar ta kira ƙanenta tana hawaye. Da ya zo, ya durƙusa a gindin bishiyar yana lalube, don yanzu yatsunsa sun fi idonsa gani. Ya taɓo kumburin wurin da aka yi wa bishiyar aure, wato inda aka haɗa reshen lemo mai zaƙi a kan gindin mai tsami. Ƙaton reshen da ya mamaye komai daga ƙasan kumburin ya fito. Mai zaƙin yana gefe, siriri, ganyensa bai kai ashirin ba.

"Yaya, wannan ƙaton za a yanke."

"Kai dai ba ka da imani! Shekarar da maigidana ya rasu reshen nan ya tsiro. Ni na kafa masa sanda da hannuna."

"Na sani. Amma ba shi maigidanki ya dasa ba. Nasa ga shi nan, shekara shida wancan yana cinye masa abinci."

Ta daɗe tana kallon ɗan siririn reshen. "Yanke," ta ce, ta juya baya.

Da ɗan ya ga abin da ya rage sai ya yi dariya. "Kawu, wannan tsinken?"

"Ba ni shekara guda. Motarka ba man shanu ba ce, rana ba za ta narkar da ita ba."

Bakinsa kawai ke da ƙarfi, cikinsa tsoro ne fal, don in reshen ya mutu shi ne ya kashe wa yayarsa abin tunawa. Duk mako yana zuwa da taki, yana murje duk tohon da ya leƙo daga ƙasan kumburin da babban yatsa.

Reshen ya yi kauri, ya yi fure, ya riƙe 'ya'ya huɗu kacal. Da suka nuna, yayar ta ɓare ɗaya ta kai baki. Idonta ya ciko. Ta miƙa wa ɗanta rabi.

"Sha," ta ce. "Wannan ne lemon babanka."