Bitrus, sojan da ya dawo gida bai sami ɗaki ba

Shekara shida ke nan da rasuwar abokina Bitrus, kuma har yau ba na iya bi ta bakin kasuwar Zuru in ɗaga kai. Tare muka shiga soja, tare muka je Laberiya, tare aka sallame mu.

Duk wanda ya yi zaman bariki ya sani, ranar da ka ajiye kaki ranar ake karɓe makullin ɗaki. Bitrus ya ɗauko akwatinsa ya nufi ƙauyensu can wajen Danko. Matarsa ta riga ta rasu, ba su haihu ba. Ya tarar ƙannensa sun raba gona, ɗakin mahaifinsu kuma an zuba dawa a ciki. Suka ce ai wanda ya yi nisa haka ya gina nasa a birni. Bai yi musu ba, ya juyo Zuru.

A barandar shagon wani Inyamuri mai sayar da kayan babur a bakin kasuwa ya riƙa shimfiɗa kwali yana kwana. Ni da iyalina ɗaki ɗaya muke haya, na ce ya zo mu matsa. Ya ce, "Haba ɗan'uwa, in kwanta ina, bisa kan madam?" Muka yi dariya, amma raina ya ɓaci.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne babu wanda ya yarda Bitrus ba shi da muhalli. Kullum rigarsa a wanke, gemu a aske. A coci in an tambaya sai a ce ai yana da dangi. Mu nan haka muke, muddin mutum bai haukace ba, ba ma ganin yana kwana a waje. A damina ta uku sanyi ya kama masa ƙirji, shi ya zama ajalinsa.

Da zai leƙo yau, zai ga kowa da salula a kunne, gidajen bulo suna ta tashi a hanyar Sakaba, barandar nan kuwa mutum uku ke rabonta. Na san zai gyara musu kwali ne kawai, bai iya ƙorafi ba. Ni na iya, kuma na gaji.

Me ya rage nasa? Ranar jana'iza ƙannensa suka zo da mota, aka yanka bijimi, aka yi ta kuka. Sun yi masa kabari na siminti a bayan gida, har da rumfar kwano don kada ruwa ya taɓa shi.