Shekarar da Baba Ya Yi Binne

Garinmu yana gindin wani dutse tsakanin Kankiya da Kusada, gefen turbar da masu jakuna ke bi zuwa Ƙofa. Fa ne guda, baƙi, mai sulɓi, kamar an kifa akushi a tsakiyar jigawa. Da yake ƙasar tamu shimfiɗaɗɗiya ce, daga kansa muka fara sanin faɗin duniya. Gidaje sun raɓe shi ta yamma, domin daga gabas iskar hadari ke fitowa, shi kuma ya tare mana ita. Da bazara yakan sha rana ya ƙoshi, ya yi ta huro mana zafi har bayan magariba. Da damina kuwa, ruwan da ke gangarowa daga bayansa shi ke cika tafkinmu. Mutanen garin ba su da yawa. In aka yi rasuwa, kowa yana wurin jana'iza, amma sahun ba ya tsawo.

A shekarar da ta biyo bayan babban farin nan, lokacin da arzikin fetur ya fara janye samari zuwa birane, ina aikin karanta labarai a gidan rediyo. Na samu hutu a ƙarshen bazara, na zo gida, na tarar Baba ya yi binne.

Binne shi ne a shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don hatsi ya tashi da ruwan farko. In ruwan nan ya zo da ƙarfi, manomi ya riga kowa. In yayyafi ne, iri ya tsira, rana ta ƙone shi, shi ke nan. Abin da Baba ya binne kuwa shi ne damin iri na ƙarshe a gidanmu, wanda Inna ta hana a sussuka duk tsananin yunwar bara. Bayansa babu ko zangarniya a rumbu.

Ran nan bayan la'asar iska ta ɗauke cak, gabas ta yi duhu. Baba ya ɗauki sandarsa. Ni ne ɗansa na fari, don haka ba ya kiran sunana.

"Kai, taso mu hau," in ji shi.

Na cire takalma, domin ba a hawan dutsenmu da takalmi, na bi shi. Fan yana ƙuna a tafin ƙafa. A can bisa muka iske wani tsohon Bafillace, abokin Baba tun ƙuruciya, wanda rugarsu ke arewa da tafki. Yana tsaye ya saƙala sanda a kafaɗa.

"Kaɗo, an ce ka binne abincinka da hannunka," ya ce wa Baba. "Mi za ka ci in damina ta ƙi?"

"Nonon shanunka," in ji Baba. "In akwai sauran wadda ke iya tsayuwa."

Tsohon ya yi dariya, ya juyo gare ni. "To, mai magana cikin akwati, ku da kuka san labarin duniya, wanga hadari namu ne ko na mutanen Kusada?"

Na ce Allah kaɗai ya sani. Ya ce a nan dai rediyo ta faɗi gaskiya.

Rabona da hawa dutsen tun ina makarantar firamare. Na duba ƙasa, sai ga garin duka bai fi faifai ba. Ga masallaci, ga rimin bakin kasuwa, ga tafki ya bushe ya tsattsage. Lokacin ɗora tuwo ne, kuma daga nan ana gane gidan da ke da mutane ta hayaƙinsa. Gidaje da dama babu hayaƙi. Baba ya nuna su da baki ɗaya bayan ɗaya: waɗannan suna Kaduna, wancan Legas, mai gidan can ya tafi da iyalinsa tun farin bai waiwayo ba. Bayan gari gonaki sun miƙe fari fat, da gawo jefi-jefi, har inda ido ya gaza. Tamu tana kudu, ba abin da ya bambanta ta da sauran, sai mu da muka san abin da ke kwance a cikinta.

Daga nan hadarin ya taso. Na sha karanta labarin ruwan sama a gaban makirfo, amma ban taɓa ganinsa da ƙafafunsa ba sai ranar. Gajimare ya tokare sama, baƙi ƙirin, ƙarƙashinsa ruwa ya sauko kamar an rataya saƙi, yana tafiya a hankali, yana haɗiye ƙauyuka. Bishiyar da kake gani yanzu, in ka ƙifta ido babu ita. Walƙiya tana tsaga shi ba a jin ƙara tukuna. Can yamma kuma rana tana nan tana haska gonaki.

Iska mai sanyi ta iso da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai ɗigo manya-manya suka fara faɗuwa a kan fa, suna bushewa nan take. Yayyafi ya biyo baya, ya ɗan jiƙa mana riguna, ya ratsa gonakin kudu, sa'an nan ya tsaya. Hadarin ya karkata arewa.

Wannan shi ne ainihin abin da ake tsoro. Na dubi Baba. Leɓunansa suna ta motsi. Tsohon Bafillacen ma ya bar zolaya, ya sauke sandarsa ya dogara.

Ban san tsawon tsayuwar da muka yi ba. Abin da na sani, iska ta sake juyawa, aka yi wata tsawa da na ji ta a ƙafafuna ta cikin dutsen, sai garin da ke ƙarƙashinmu ya ɓace. Muka fake a wani kogo da ke kusa. Ruwa ya yi ta kwarara a kan fa ta ko'ina, yana haɗuwa yana gangarawa tafki da ruri, har ba ma jin maganar juna. Da ya tsagaita muka sauko da ja da gindi, ni da tsofaffin duka.

Washegari da sassafe na bi Baba gona. Ya durƙusa a tsakiyarta, ya naɗe hannun riga, ya shiga tono da yatsu. Ya wuce wuyan hannu, ƙasa ɗanya. Ya ci gaba har gwiwar hannunsa ta nutse, bai tarar da busasshiya ba. Ya ɗebo ta can ƙasa ya dunƙula, ta kama. Ya daɗe yana dubanta, sa'an nan ya miƙo mini.

"Kai wa uwarka ta gani," ya ce.